Barin coci ba tare da barin Almasihu ba: abin da za ka shirya kafin fita da bayanta

Akwai Kiristoci a Jos, Kaduna, Gombe, Yola da sauran garuruwa da suka daina zuwa sujadar Lahadi amma ba su daina addu'a ba. Wani siyasar zaɓen dattawa ce ta kore shi. Wani yawan ambulan na neman gudummawa ne, yau na gini, gobe na sallamar fasto. Wata an zaunar da ita a bencin baya a kan laifin da aka kau da kai a kansa lokacin da ɗan mai hali ya aikata. Wasu kuma ba wanda ya yi musu komai, sun dai duba ne suka ga mako yana ƙarewa a kwamiti da gwajin waƙa da taron shiri, amma rabonsu da su natsu gaban Allah har sun manta.

Wannan jagora ta irin waɗannan ce. Ba mu ce ka fita ba, ba mu ce ka zauna ba. Abin da muke so ka sani shi ne coci tana yi wa mutum ayyuka da yawa waɗanda ba ya lura da su sai ranar da ya neme su ya rasa: ita ke tsara masa lokacin ibada, ita ke gyara shi idan ya karkace, ita ke koyar da 'ya'yansa, ita ke ɗaura aure, ita ke ɗaukar gawa. Wanda ya fita bai tanadi madadin kowanne ba, bangaskiyar da ya ce zai tsare a gida takan dushe a hankali ba tare da ya san ranar da ta mutu ba.

Fara tantance abin da kake gudu

Ɗauki takarda ka rubuta dalilanka, kowanne a layi ɗaya. Sai ka duba: da mutum ɗaya kake rigima, ko da majami'ar unguwarku, ko da koyarwar ɗarikar gaba ɗaya, ko kuwa tsarin ne kansa, da muƙamai da rajista da kasafin kuɗi, ka ga ya shiga tsakaninka da Allah?

Idan da mutum ɗaya ne, hanyar tana cikin Matiyu 18:15-17: ka same shi ku biyu, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sannan gaban ikilisiya. Manyan ɗarikun Arewa irin su ECWA da COCIN da EYN suna da majalisu hawa-hawa sama da majami'ar unguwa, ana iya kai ƙara can, kuma ana canja wa fastoci wurin aiki. Idan majami'ar ce, takardar canji zuwa wata ta wadatar. Idan kuwa maganar ta shafi lalata da yaro ko cinye kuɗin jama'a, wannan ta wuce sulhun ofishin fasto, ta hukuma ce, kuma fitarka shiru ba ta kare yaro na gaba.

Wanda tsarin kansa ne matsalarsa, shi kaɗai ke bukatar abin da ke ƙasa. Ko shi ma, kada ka yanke shawara a makon da aka ɓata maka rai. Ajiye muƙamanka tukuna, ka koma zama a benci kamar kowa na wata uku. Mutane da yawa a nan suke gane gajiya ce ke damunsu.

Fita da hannu mai tsabta

Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da yin ibada shi kaɗai ko tare da wasu, a fili ko a keɓe. Babu ofishin gwamnati da za ka je ka cire sunanka, ba kamar Jamus ba inda ake cire harajin coci daga albashi, sai mutum ya je hukuma ya bayyana fitarsa. A nan aikin duk tsakaninka da mutane ne, shi ya sa ya fi wuya.

Idan kana riƙe da wani abu na ikilisiya, miƙa shi a gaban shaidu biyu, a rubuce, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Makulli, littafin kuɗi, rasit, hatimi, kayan kiɗa, littafin rajistar makarantar Lahadi. Idan kana cikin masu sa hannu a asusun banki, kada ka tsaya a kan "za mu gyara". Ka bi har a kai wa banki takardar canjin masu sa hannu, ka ga an karɓa. Ma'ajin da ya tafi ba a binciki littafinsa ba, duk naira da ta ɓace bayan shekara biyu sunansa za a kira. Adashen Zumuntar Mata ko na maza, kai shi ƙarshen zagaye. Alkawarin gini da ka ɗauka a bainar jama'a, ko ka cika, ko ka rubuta cewa ba za ka iya ba.

Karɓi takardunka tun kana shiri da magatakarda: katin baftisma, takardar aure, takardun 'ya'ya. Yi musu hoto a waya, ka ajiye na asali tare da takardun gida. Wanda aka yi wa baftisma a Katolika ya sani ba a goge suna daga rajistar baftisma, domin a koyarwarsu abu ne da ya riga ya faru.

Wasiƙar fita kada ta wuce layi shida. Misali:

"Zuwa ga Rabaran da dattawan ikilisiya. Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina sanar da ku cewa daga ƙarshen wannan wata na ajiye aikina da zamana memba. Ban bar bangaskiya ba. Na miƙa abin da ke hannuna kamar yadda takardar da ke haɗe ta nuna. Na gode da renon da kuka yi mini."

Kada ka jera laifin kowa a ciki. Wasiƙa mai zargi ana karanta ta a majalisa, ana ajiye ta a fayil, kuma ita za a ciro ranar da ɗanka ya zo neman takardar aure. Kada ka yi sanarwar a zauren WhatsApp na ƙungiya ko a Facebook.

Dattawa za su zo gida, yawanci biyu ko uku, da yamma. Ka ba su kujera da ruwa. Za ka ji "Ɗana, me muka yi maka?", za a buɗe Ibraniyawa 10:25 a kan kada a bar taruwa, wani kuma zai ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amsa ɗaya ta isa, ka maimaita ta da ladabi: "Baba, na gode da kuka tako. Ban bar Yesu ba, kuma ban daina taruwa da 'yan'uwa ba. Ku ci gaba da sa ni a addu'a." Idan sun ce a yi addu'a, a yi. Gardamar aya da aya a falo ba ta taɓa sauya ra'ayin kowa ba. Ayar Ibraniyawa kuwa kada ka yi mata kunnen ƙashi don daga bakinsu ta fito; tana kanka har yanzu, za mu dawo gare ta.

Mutanen gida

Faɗa wa matarka ko mijinki kafin fasto ya ji. A Arewa wannan magana tana da nauyin da ba ta da shi a wasu wurare: mutum ya daina zuwa coci, abin da dangi za su fara zato shi ne zai canja addini, ko ya shiga wata ƙungiyar asiri. Ka furta a fili, tun ba a tambaye ka ba, cewa kai Kirista ne har gobe. Inda Kiristoci ke tsiraru, kamar ƙauyukan Maguzawa a Kano da Katsina, coci ce makaranta, ita ce mai magana da hukuma, ita ce mafaka idan gari ya rikice. A irin wurin nan ka auna sau biyu. Sau da yawa ajiye muƙami da rage shiga harkoki ya fi yanke hulɗa.

Kada ka hana kowa zuwa. Idan uwargida tana son Zumuntar Mata, ta ɗaura zanenta ta tafi, ka ba ta kuɗin mota da na baiko. Yara kuma su ci gaba da makarantar Lahadi har sai ka tabbata kana da abin da za ka ba su a madadi, kowane mako, ba sai ranar da ka ga dama ba. Bikin aure, suna, jana'iza, gaisuwar mara lafiya, duk ka ci gaba da zuwa, ko a cikin majami'ar da ka bari ake yi.

Tsarin kowace rana

Ƙararrawar coci ta daina kiranka, sai ka kafa taka. Zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya, minti 20 zuwa 30, kafin ka taɓa waya. Matiyu 6:6 ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. A gidan haya mai ɗaki ɗaya, tabarma a tsakar gida kafin mutane su tashi ta wadatar.

Littafi Mai Tsarki na Furotesta yana da littattafai 66 da surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Sura ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, za ta kai ka ƙarshen Sabon Alkawari a mako 52 cif. Sura uku zuwa huɗu a rana za su gama duka littafin a shekara, amma ba ma ba mai farawa wannan shawarar. Wanda ya ɗauko daga Farawa da zafi yakan maƙale a Littafin Firistoci, ya ji kunya, ya rufe. Fara da Markus, sura 16 ce kuma labarin yana gudu. Bi da Luka da Ayyukan Manzanni, sannan Yahaya, sannan wasiƙu. Haɗa da Zabura ɗaya kullum, ita za ta koya maka addu'a a ranakun da bakinka ya bushe. Daniyel da Wahayin Yahaya su jira sai ka gama sauran. A can ne masu karatu su kaɗai suka fi ɓata, suna lissafin ranar ƙarshen duniya.

Riƙe fassara biyu. Tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 tana da kalmomin da matasan birni ba sa ji yanzu, sababbin kuma sun fi sauƙi. Inda aya ta yi duhu a ɗaya, duba ɗayar. Kada ka karanta aya ita kaɗai, karanta abin da ke gabanta da bayanta. A ƙaramin littafin rubutu, amsa tambaya uku: me wurin ya ce, wa aka rubuta wa, me zan yi yau saboda shi. Ta ukun ce ake tsallakewa.

Addu'a kuwa, bi sahun Addu'ar Ubangiji layi-layi, kana faɗaɗa kowane layi da bukatun ranar. Rubuta sunayen waɗanda kake yi wa addu'a, ka raba su kwana bakwai. Sa sunan faston da ka bari a ciki. Ba don nuna hali ba ne. Mun lura ɗacin rai shi ne ya fi cinye masu fita, kuma da wuya mutum ya ci gaba da tsinar wanda yake ambata gaban Allah kowace Talata.

Lahadi kada ta zama ranar wanki da kallon ƙwallo kawai. Ware sa'a ɗaya da iyali: waƙa biyu daga littafin waƙoƙi, karatu, kowa ya faɗi abin da ya ji, addu'a.

Hattara da wa'azin waya. Mutum ya bar faston da zai iya tarewa a bakin ƙofa ya tambaye shi, ya koma bin wani "annabi" na bidiyo mai sayar da mai da ruwa, wanda bai san sunansa ba sai lambar asusunsa. Wannan bai bar tsari ba, ya koma wanda ya fi muni. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 sun riƙa bincika Nassi su ga ko abin da Bulus kansa ya faɗa haka yake. Ma'auni mai sauƙi: Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, da ta Nikiya da aka tsara a shekarar 325 aka kammala a 381. Duk sabuwar fahimta da ta zo maka, ko daga waya ko daga kanka, idan ta saɓa musu, ko kuma ka ga a shekara dubu biyu kai kaɗai ka gano ta, ka dakata.

Mutum biyu ko uku

Mu dawo ga ayar Ibraniyawa ta kada a bar taruwa: bangaskiya ta kanka ba ta nufin kai kaɗai. Sabon Alkawari cike yake da umarnin da ba ya yiwuwa sai da wani: ku ɗauki nauyin juna, ku furta zunubanku ga juna, ku gargaɗi juna. Masu bi na farko a gidaje suke taruwa. Bulus ya gai da ikilisiyar da ke gidan Bilkisu da Akila a Romawa 16:5, da ta gidan Nimfa a Kolosiyawa 4:15, da ta gidan Filimon.

Mafi ƙaranci, ka samu mutum ɗaya, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda ya girme ka a bangaskiya kuma ba ya jin nauyinka. Ku haɗu sau biyu a wata. Ba shi izini a fili ya tambaye ka kan kuɗi, aure, fushi da abin da kake kallo a waya. Ya fi kyau ya zama wanda har yanzu yana zuwa coci, don kada ku zama masu ciwo ɗaya kuna sosa wa juna.

Idan taron gida ya samu, ga tsarin da ke aiki: mutum 5 zuwa 12, minti 90. Minti 15 waƙa, 40 karatu da tattaunawa a kan sura ɗaya da kowa ya karanta tun daga gida, 20 addu'a, sauran a ci abin da ya samu. Mai jagora ya riƙa canjawa kowane mako, gidan ma haka, bisa ga 1 Korantiyawa 14:26 inda kowa ke zuwa da abin da zai ƙara. Babu lasifika, babu ganga da dare. A unguwar da ake zaune a cakuɗe, sanar da mai gidan haya da maƙwabta na kusa, idan ya kama har mai unguwa, cewa karatu ne na 'yan mutane kaɗan. Baƙin fuskoki masu shiga gida ɗaya kowane mako ba bayani suna jawo zargi.

Abu biyu ke kashe irin wannan taro. Na farko, ya zama majalisar zagin coci. Ku kafa doka tun ranar farko: ba a ambaton fasto ko ɗarika sai a addu'a. Na biyu ya fi wayo. Mai gidan ya fi kowa iya magana, sai a bar masa jagora. Mutane suka kai 20, aka ce a sayi benci, benci na bukatar kuɗi, kuɗi na bukatar ma'aji, aka ɗauko akwatin baiko, aka rubuta allo a ƙofa. Kafin ka ankara ana kiransa Baba, kuma babu majalisar da ke samansa da za a kai ƙararsa. Maganinsa: da kun wuce 12 ku rabu biyu, kada taro ya mallaki komai, kada wani ya ci abinci daga gare shi.

Ba ku ne farau ba. A 1708 mutum takwas a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, ƙarƙashin Alexander Mack, suka bar cocin gwamnati suka koma karatu a gidaje. Zuriyar wannan taro ce ta turo mishan zuwa Garkida a 1923, inda EYN ta samo asali, yau da hedikwata da majalisu da makarantu. Tsari yakan dawo da kansa idan jama'a ta yi yawa, kuma ba lallai ne ya zama mugun abu ba. A Japan kuwa Uchimura Kanzo ya tsaya a kan taron nazarin Littafi Mai Tsarki ba coci ba fasto, kuma da ya rasu a 1930 aka rufe taron nasa, almajiransa kowa ya buɗe nasa ƙarami. Ku san wacce hanya kuke so tun da wuri.

Kuɗi

Kiristoci sun saɓa a kan ko zakkar kashi ɗaya cikin goma ta Malakai 3:10 tana kan mai bi na yau, ko kuwa 2 Korantiyawa 9:7 ce ma'auni, kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciya. Duk wanda ka bi, yanke kaso, ka cire shi ranar da albashi ya shigo ko ranar da aka auna amfanin gona, ka ajiye daban. Rubuta inda ya tafi: kuɗin makarantar maraya, maganin gwauruwa, buhun masara ga 'yan gudun hijira, mai bishara a ƙauye. Idan bayan wata shida bayarwarka ta ragu da rabi, to ka san wani ɓangare na dalilin fitarka ba na ruhaniya ba ne.

Baftisma, Jibi, aure, jana'iza

Wanda aka yi wa baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba ya bukatar sabuwa don ya bar ɗarika. Matsalar ta 'ya'ya ce. Baftismar da aka yi a rafi ba rajista, ɗarika da yawa ba za su karɓe ta ba ranar da yaron ya girma ya so shiga ko ya so aure a cikinsu. Idan kun yi, ku rubuta rana da wuri da kalmomin da aka furta, shaidu biyu su sa hannu. Shaidar haihuwa kuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake karɓa, kada a dogara da katin coci.

Jibin Ubangiji nan ne saɓani ya fi zafi. Katolika da Angilikan da Lutheran suna riƙe cewa sai wanda aka naɗa ne zai jagoranta. Masu taron gida suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni 2:46, inda ake gutsuttsura gurasa gida-gida. Idan lamirinka bai natsu ba, kada ka yi. Je ka karɓa inda ake maraba da baƙi. Idan kun yi, burodi ɗaya da ruwan inabi, a karanta 1 Korantiyawa 11:23-29, a ba da lokacin shiru don kowa ya binciki kansa, kuma a raba shi da cin abincin hira.

Aure: falonka ba wurin ibada mai lasisi ba ne, don haka addu'ar da aka yi a can ba ta zama auren doka ba. Ƙarƙashin dokar aure ta Nijeriya, ana ba da sanarwa a ofishin rajistar aure, a jira kwana 21, a ɗaura cikin wata uku daga ranar sanarwa, gaban magatakardan aure da shaidu biyu. Ku gama na al'ada da iyaye, ku yi na rajista, sannan 'yan'uwa su taru su sa albarka.

Jana'iza ita ce ba a son tunawa, ita ce kuma ke jefa iyali cikin kunya. A garuruwa da dama makabartar Kirista tana hannun ikilisiyoyi ko ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, kuma abin da za a fara tambaya shi ne wace coci mamacin yake. Wasu fastoci za su zo don zumunci, wasu za su ce dokar ɗarika ta hana su binne wanda ba memba ba. Kada ka bar wa matarka wannan ciniki a ranar da take kuka. Je tun yanzu ka tambayi masu kula da makabartar garinku sharuɗɗansu. Nemi fasto ko dattijo ɗaya da ya yarda zai tsaya, ka ji daga bakinsa. Idan a ƙauye za a kai ka, dagaci da manyan gida su sani. Rubuta duka a takarda ɗaya, da wurin binnewa, da sunan mai jagora da lambarsa, da inda kuɗin akwati da mota zai fito. Yi kwafi uku: ɗaya wurin matarka ko mijinki, ɗaya wurin babban ɗan'uwa a dangi, ɗaya wurin wanda zai jagoranci jana'izar.